Kawu Mati da Majigin Rijiya

Duk wanda ya san Kawu Mati a kasuwar Jibiya ya san idan mota mai lasifika ta shigo gari, awo ya tsaya. Ko tiya na cike a hannunsa, ko mai saye ya buɗe bakin buhu yana jira, sai ya kife ta a kan tsibin gero ya bi motar. Tambayarsa guda ce: "Kun taho da na rijiya?" Masu tallan maganin ciwon baya sun sha ta. Waɗanda suka zo shelar sabon kuɗi sun sha ta. Har wani direban Maraɗi da ya ɗaura lasifika a goshin babbar motarsa don jin kiɗa bai tsira ba. Ya ce, "Baba, ni albasa na ɗauko." Kawu ya ce, "To mi ya haɗa albasa da lasifika? Kuna ta da tsofaffi a banza!"

Yau kwana tara da rasuwarsa. Ni ne Idi tela, ɗan ƙanwarsa, kuma shi ya riƙe ni tun ban san kaina ba. Abokan zamansa na rumfar hatsi suka ce in rubuta wani abu a kansa. Ban yi nisa a boko ba, zan faɗi abin da na gani ne kawai.

"Na rijiya" wani gajeren fim ne na masu kiwon lafiya, baƙi da fari, tun na zamanin Turawa. Kan kurkunu aka yi shi, don a koya wa mutane tace ruwa. A Gangara aka ɗauke shi, garinmu na asali. A tsakiyarsa akwai wata mace da ke wucewa ta bayan rijiya da tulu a ka. Takan waiwayo, ta yi dariya, ta rufe baki da hannu, ta wuce. Kafin ka ƙirga biyar ta fita. Wannan ita ce Hajo, mahaifiyata. Ta rasu ina rarrafe, kuma ba ta da wani hoto a duniya sai wannan. Kowa a kasuwa ya san haka. Amma ban taɓa jin Kawu ya ce ƙanwarsa yake zuwa gani ba. Cewa yake, "Fim ne mai ilimi."

Mai majigin sunansa Yohanna, mutumin wajen Farfaru. Shi ke tuƙa motar, shi ke ɗaura farin ƙyalle a filin tasha, shi ke ta da janareta, kuma shi ke bayani ta lasifika, domin fim ɗin ba ya magana. Sau biyu ko uku yake zuwa a shekara. Tsofaffin kasuwa sun haddace bayaninsa kamar karatun allo. Idan ya ce, "Ga Jatau ya dawo daga gona, ƙishirwa ta kama shi," sai fili ya ɗauka gaba ɗaya:

"Jatau, kada ka sha!"

Jatau kuwa ya durƙusa bakin kududdufi ya sha. Kawu ya tafa hannu. "Ya sha! Wallahi ya sake sha! Shekara nawa ina gaya ma wanga bawan Allah?"

Wata rana Yohanna ya gaji, ya ce Jatau ya taso daga gona. Kawu ya miƙe tsaye, inuwarsa ta rufe rabin ƙyallen.

"Dawowa ya yi! Yohanna, ka faɗe shi yadda yake!"

Yohanna ya yi gyaran murya a lasifika. "Jama'a a yi haƙuri. Dawowa ya yi."

Mu samari a lokacin idonmu na wani wuri. Kuɗin mai sun shigo ƙasa. Babura sun cika tasha, kowa na rataye da rediyo mai kaset, ni kuma ba na ɗinka komai sai wando mai faɗin ƙafa. Ranar da muka samu sarari sai mu hau babur mu tafi silima Katsina, ko mu tsallaka Maraɗi, mu ga na Indiya da na 'yan Sin masu faɗa da ƙafa. Abokaina suna kirana "ɗan rijiya". Ina jin kunya. Idan majigi ya zo, can baya nake tsayawa, kuma idan an kusa wurin tulun sai in sunkuyar da kai. Ban san dalili ba. Har yau ban sani ba sosai.

Sai na ƙudura zan warkar da Kawu. Na goya shi a babur har Katsina, ya rungume buzunsa duk hanya, wai bai yarda da kujerar da bai san wanda ya tashi daga kanta ba. Biyu aka nuna a ranar, na Indiya da na faɗa. Ya zauna tsaf har aka gama. Da muka fito na ce, "Kawu, yaya ka gani?"

Ya ce, "Yarinyar tana da ladabi. Amma a waƙa guda ta sake tufafi sau shida. Wa ke mata wanki?"

"Kawu, fim ne."

"Kuma ruwan sama ya sauka kamar da bakin ƙwarya, su biyu suna ta zagaya itace. Ba wanda ya yi zancen shuka!"

"To na faɗan fa?"

"A, waɗannan mutanen kirki ne. Su goma suka kewaye mutum guda, amma ɗaya bayan ɗaya suke zuwa a buge su. Ba turereniya. A kawo su Jibiya ranar kasuwa su koya ma mutane layi."

Na ce ko zai dawo wani makon. Ya ce ya ga ƙarshensu, me zai dawo yi? Na ce ai na rijiya ma ya ga ƙarshensa.

Ya ce, "Waɗannan labari ne aka ba ni, na ji, na gode. Wancan kuwa mutanena ne. Kai don ka san waɗanda ke gidanku, daina zuwa kake?"

Abin ya ɗan sosa ni, sai na nemi inda zan rama. Na ce, "Kullum kana cewa mai ilimi ne, amma ni ban taɓa ganin ka tace ruwa ba."

"Na ce mai ilimi ne. Ban ce ni ya koya ma ba. Ta da babur."

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Samari suka fara zuwa majigi don tsokana. Idan tsofaffi suka ce, "Jatau, kada ka sha!" sai na baya su amsa, "Jatau, sha abinka!" Da ya durƙusa ya sha sai samari su ɓarke da shewa kamar an ci ƙwallo. Wani dattijo ya ɗaga sanda zai bi su, Kawu ya riƙe masa riga ya ce, "Bar su. Ba ka ga sun fara haddacewa ba?" Haka kuwa aka yi. Kafin shekara biyu, waɗanda ke zuwa dariya sun fi tsofaffin sanin inda kaza ke gilmawa da inda guga ke kuɓucewa. Direbobin Nijar kan jinkirta tsallakawa idan suka ji Yohanna na gari. Har 'yan duwan, wato kwastan na can gefen Nijar, kan aiko a tambayi Kawu ranar zuwansa, kamar shi ke rubuta takardar. Yohanna na zuwa da sababbin finafinai masu launi, na gadoji da masana'antu, a kalla a yi shiru. Ba a watsewa sai an sa na kurkunu.

Kawu yana da al'ada guda. Idan an gama, sai ya je gindin injin da tiyar gero a ƙulle a ƙyalle ya ce, "Maido min wurin nan." Yohanna ya maido wurin mai tulun. Ya ce a sake. A sake.

Yohanna ya sha gaya masa. "Baba Mati, zaren fim ɗin nan ya tsufa. Duk inda aka yawaita maimaitawa, nan yake fara cinyewa. In ya tsinke ko wuta ta taɓa shi, yankewa nake in haɗa da gam. Haka aikin yake."

"To ka maimaita a hankali."

Haka Hajo ta yi ta raguwa. Shekarar farko rufe bakin ya tafi. Ta gaba, da ta waiwayo sai ka ga ta kai bakin ƙyalle. Kawu ya lura, ba zai yiwu a ce bai lura ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ta ƙara sauri. Dama haka take in ta ga baƙi." Kuma bai daina kai geron ba.

Wata kaka, bayan an gama yankan gero, Yohanna ya zo. Aka nuna rijiya, aka nuna igiyar guga, sai kawai ga Jatau a bakin kududdufi. Ba tulu, ba mai tulu. Yohanna ya karanta bayaninsa, ba wanda ya amsa, tsoho ko yaro. Ranar Jatau ya sha ruwansa ba mai hana shi, ba mai zuga shi.

Kawu ya naɗe buzunsa ya je wurin motar. Ina biye da shi.

"Ina ka kai ta?"

Yohanna ya kashe lasifika kafin ya amsa. Ya ce a wani gari wurin ya ƙone, dole ya yanke. Ya ce kuma ofis sun ce daga bana tsofaffin finafinai ba za su ƙara fita ba, wannan ma ɓoye shi ya yi ya taho da shi.

"Guntayen da kake yankewa fa?"

"Akwai gwangwanin da nake zubawa, Baba. Amma na kowane fim ne a cakuɗe. Ban san ko tana ciki ba."

"Kawo."

Washegari ranar kasuwa ce, ranar da mai awo ba ya samun sararin shan ruwa. Kawu bai kwance buhu ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin rumfa da gwangwanin a tsakanin ƙafafunsa, yana ɗaga guntayen ɗaya bayan ɗaya yana duba su a rana. Masu saye suna ta kira.

"Mati, awo!"

"Yau ba ni nan."

"Ga ka kuwa zaune!"

"Idonka ne."

Maƙwabtansa na rumfa sun ce suna jin sa yana lissafawa shi kaɗai. "Gada. Saniya. Wani Bature da gajeren wando. Saniya kuma. Kai, gwamnati na son shanu."

Bayan la'asar ina kan keken ɗinki sai ga shi a ƙofar shago. Ya biya ta wurin mai gyaran agogo ya aro ɗan gilashin nan da suke maƙalawa a ido. Ya ce, "Tashi daga keken nan ka gai da uwarka."

Guntun bai fi tsawon ɗan yatsa ba, gefe guda ya ƙone. Na fita waje, na sa gilashin, na ɗaga shi sama. Ga ta. Tulun ya ɗan karkace, ta tallafe shi da hannu ɗaya. Tana da wushirya. Ni ban taɓa sanin tana da wushirya ba, ba wanda ya taɓa gaya min. Kuma yarinya ce. Na girme ta a ranar da nake kallonta. Na daɗe a tsaye, sannan na nemi benci na zauna.

Kawu ya juya yana kallon motocin da ke layin tsallakawa, har sai da na gyara fuskata. Sannan ya ce, "Da na san haka za ta tsaya wuri guda, da tuni na sa Yohanna ya yanke ta. An yi asarar gero."

Ya ce in kawo almakashi. Hotuna shida ne a jere a jikin guntun. Ya ƙirga su sau biyu.

"A shari'a, in akwai ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya da komi. Na sani, ba sai ka gaya min ba. Amma ni na sha hayaƙin janareta shekara da shekaru, kai kana can baya kana kallon takalminka."

Ashe yana ganina.

"Uku uku. Yanka daidai, kai ne tela."

Na yanka. Ya karɓi gilashin ya duba duka biyun, ya zaɓi inda dariyar ta fi fitowa. Ya ce, "Kai yaro ne, kana da taka dariyar."

Da aka zo yi masa wanka makon jiya, a cikin naɗin hularsa aka sami nasa ukun, ƙunshe a takardar siminti. Liman ya miƙo min bai tambayi ko mene ne ba. Yanzu shidan suna wurina.

Shi kuwa bai bar hoto ko ɗaya ba. Mai hoton tasha ya sha roƙonsa, har kyauta ya ce zai yi masa. Kawu ya ce, "Fuskata na nan kasuwa kullum. Mai son gani shi zo." Mun yi ta dariya a lokacin. Jiya na bi ta rumfar, wani ne zaune a wurin yana awo.

Allah ya jiƙan Kawu Mati, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sada shi da ƙanwarsa a gidan rahama, ta tsaya su gaisa a tsanake. Ni kuma Allah ya bar min fuskarsa a zuciya, kada ta ragu. Amin.