Tabo a Kuncin Anayo

Anayo mai gyaran kyamara ne a unguwar Congo-Russia, mutum mai haƙuri. Idan tabo ya fito a hoto, sai ya ɗauki hoton farin bango ya gano ƙurar da ke cikin kyamarar, ya hure ta da famfon roba. Kullum yana ce wa amininsa Sharafaddeen mai hoto, "Oga, kawo taka in share."

Sharafaddeen ya yi ta cewa gobe, har zazzaɓi ya ɗauke Anayo a 2007. Matarsa Gertrude ta zo wurin Sharafaddeen neman hoton da za a sa a takardar jana'iza. Guda ɗaya Sharafaddeen ya taɓa yi masa, ga baƙin tabo a kunci.

Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Maigidana ba shi da wannan."

Sharafaddeen ya kasa ɗaga kai.