Jan Fasfo a Jakar Takarduna

A saman kabad ɗin ɗakina, a gidanmu na unguwar Longsight a Manchester, akwai wata jakar fata da ta girmi dukkan 'ya'yana. A Kano na saye ta ana saura sati biyu mu taso Ingila. A cikinta nake ajiye duk takardar da ta taɓa buɗe mana ƙofa ko ta rufe: fasfunanmu sababbi da waɗanda aka yanke wa kunne, takardun haihuwa, wasiƙun da aka hana mu biza da waɗanda aka ba mu, da katunan rigakafi. Yarana sun sa mata suna ofishin jakadanci. Ba na jin haushi, don su a nan aka haife su, ba su san wahalar koren fasfo ba. Ni na sani. Na taɓa yin layin neman biza tun rana ba ta fito ba, na isa gaban gilashi bayan azahar, aka dawo da ni saboda kunnena ɗaya bai fito a hoto ba. Tun daga ranar ban ƙara raina takarda ba, komai ƙanƙantarta.

Babban ɗana, wanda ko a gida ba na kama sunansa balle a rubuce, ya auri wata yarinya 'yar Estoniya. Sai da aka nuna mini ƙasar a taswira sannan na yarda akwai ta. Nas ce a wani asibiti a Birmingham, can suka haɗu, can kuma suke zaune. Doguwa ce, ga natsuwa, ga tsafta, amma magana a wurinta kamar da cokali ake auna mata. In na kira ta a waya na jero gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya sanyi, ya mutanen gida, sai ta jira na gama tsaf sannan ta ce, "Lafiya lau, Mama." Shi ke nan. Shekara biyu ina kiranta amarya, don ban sami wani suna da ya zauna a bakina ba.

Ba faɗa muke ba, kada a fahimce ni a karkace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ga inda take buƙatata ba. Miyar kuka ma a waya ta koya, ba ta tambaye ni ba, kuma abin haushin ta iya. Ni kuwa irin matan nan ce da in ba a nemi wani abu a wurina ba, ban san ta inda zan nuna ƙauna ba.

Bara muka kai ta Kano ta ga dangi. Kafin mu tafi sai da aka yi mata allurar rigakafin shawara, aka ba ta katin nan ruwan ɗorawa, don ana tambayarsa a shiga Nijeriya. Da muka dawo muna jiran kaya a filin jirgin Manchester, na bi kowa da hannu a miƙe kamar yadda na saba, ina karɓar katuna. Ita ma ta miƙo nata ba tare da ta ɗago kai daga waya ba. Na haɗa su da roba, na kai gida na jefa a jaka.

Bayan sati biyu muka je musu yini ni da Alhaji, maigidana. Muna cin abinci ta ce za ta yi tafiya. Ƙawarta ta wurin aiki, wadda iyayenta mutanen wani tsibiri ne a Karibiyan, za ta yi aure a can, a garin kakanninta. Ɗana ba zai samu hutu ba, ita kaɗai za ta je. Ta tashi ta ɗauko wani farin mayafi da ta saƙa wa ƙawar da siririn zaren ulu, irin saƙar da kakarta ta koya mata. Wata biyar tana yin sa. Ta ce a ƙasarsu ba a aika irin wannan da wani, da hannunka kake yafa wa mai shi. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana kamar ta ranar ba.

Na tambayi ranar tafiya, ta ce saura kwana goma sha biyu.

"Kwana goma sha biyu? Amarya, bizar fa?"

Ta ce za ta duba. Za ta duba! A hanyarmu ta komawa ban bar Alhaji ya ji labaran rediyo ba. Amma can ƙasan raina daɗi nake ji, don ga shi an zo inda na fi kowa ƙwarewa a gidan nan.

Kwana huɗu na yi ina haɗa mata fayil. Na rubuta mata samfurin wasiƙar gayyata da ƙawarta za ta sa wa hannu, da ta wurin aiki mai cewa za ta dawo bakin aikinta. Na buga kwafin takardar aurensu. Na jera tambayoyin da ake yi a gaban gilashi, da amsoshin da ba a so a ji. Na raba komai da takardu masu launi. Ranar Asabar na hau doguwar bas zuwa Birmingham, fayil a cinya, ina jin kaina kamar lauya.

Ɗana ne ya buɗe ƙofa. Ya dubi fayil ɗin, ya dube ni, sai ya fashe da dariya.

"Mama, seriously? Ai ba ta buƙatar biza. Fasfonta kawai za ta nuna."

"Wace ƙasa ce ake shiga haka kamar gidan biki?"

Surukata ba ta yi dariya ba. Ta kawo mini shayi, ta zauna kusa da ni, ta buɗe shafin hukumar tsibirin a wayarta. Ga shi nan a rubuce: mai fasfon ƙasarta, in ziyara ce ta ɗan lokaci, ba ya buƙatar biza. Fasfo mai sauran kwana, tikitin dawowa, adireshin masauki, da wani fom da ake cikewa a waya ana gab da tashi. Iyakarsa ke nan. Ta karɓi fayil ɗin da hannu biyu, ta ce ta gode, ta ajiye shi a kan firji. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A bas ɗin komawa na ji kunya, na kuma ji hassada, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ba ta kai shekarun jakata ba, duniya a buɗe take a gabanta saboda launin bangon littafinta. Ni da na tsufa ina lallashin masu hatimi, ilmina ya zama abin dariya. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara sa baki a harkar tafiyarta ba.

Ranar Talata na je unguwar Moss Side gaishe da tsohuwar maƙwabciyarmu. A can muka fara zama da muka zo ƙasar nan, ita ce ta koya mini yadda ake kunna hita da inda ake samun doya. Ta haura tamanin yanzu, kuma 'yar wannan tsibirin ce, tana budurwa ta baro shi. Na kwashe labarin fayil na ba ta don ta taya ni jin haushi. Ta yi dariya har da tari. Da ta lafa sai ta share ido ta dube ni.

"Tsaya, ba kwanan nan kuka dawo daga Nijeriya ba? Da ita?"

Na ce da ita.

"To ta tafi da yellow card ɗinta, katin rigakafin nan. Mutanenmu suna tsoron shawara, mu ma muna da sauro. Ba ruwansu da ƙasar da ta haife ki, inda ƙafarki ta taka kwanan nan suke tambaya."

Ban ƙarasa shayina ba. Na koma gida na buɗe shafin nan a kwamfutar Alhaji, na karanta shi kamar yadda nake karanta kowace takarda, har ƙasa. Can wajen ƙarshe, inda masu sa'a ba sa kaiwa, ga layi ɗaya: wanda ya fito daga ƙasar da ake samun shawara ba da daɗewa ba, sai ya nuna shaidar rigakafi, in ba haka ba ana iya hana shi shiga. Ga kuma bizar Nijeriya manne a fasfonta, hatimin ko bushewa bai gama yi ba. Na sauko da jaka. Katinta yana nan a cikin roba, tsakanin nawa da na Alhaji.

Jirginta ranar Juma'a ne da safe. Na ɗauki waya na ajiye. Na sake ɗauka. In na kira, ɗana zai ce Mama ta sake tono wani abu. Wata zuciyar ma, Allah ya yafe mini, cewa ta yi in bar su, ai su ne masana. Sai na tuna mayafin nan, wata biyar na saƙa, a ce ya je bakin ƙofar tsibiri ya juyo. Alhaji yana kallona ta saman tabarau.

"Hajiya, ki sa musu a gidan waya mana."

"Takarda irin wannan? A gidan waya?"

Ya gyara tabarau ya koma harkarsa. Ya san da wadda yake zaune.

Da safe na sake hawa bas ɗin Birmingham, wannan karon babu fayil, kati ɗaya ne a cikin ambulan, ambulan a cikin jakar hannu, jakar a rungume. Ban gaya wa kowa ina zuwa ba. Na shirya abin da zan faɗa, gajere: ga shi, ko da za a tambaya. In miƙa in juyo.

Na daɗe ina ƙwanƙwasawa kafin ta buɗe. Ɗana yana wurin aiki. Ban taɓa ganin gidan nan a hargitse ba sai ranar. An zazzage durowoyi a tsakar falo, akwatunan da muka je Kano da su duk a buɗe, har aljihunan rigunan sanyi an juye. Idonta ya yi ja. Ashe da sassafe ta zauna duba fom ɗin nan na waya, ta tarar da tambayar ƙasashen da ta je kwanan nan, sannan ta gane sai da katin rigakafi. Ta kira inda aka yi mata allurar, suka ce sake ba da kati sai wani satin. Ta manta sam wa ta ba.

Na ciro ambulan na miƙa mata. Jawabin da na shirya ya gudu.

Ta buɗe, ta ga katin, sai ta zauna a ƙasa a tsakiyar tarkacen, ta rufe fuska da shi. Da ta ɗago ta ce ta yi tunanin kirana ta tambaye ni yadda ake yi, har sau uku tana ɗaukar waya, amma bayan abin da ya faru ranar Asabar kunya ta hana ta.

Na ce, "Tashi, 'yata, mu gyara gidan nan kafin mijinki ya dawo ya ce ɓarayi sun shigo."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na kira ta. Ita ma ta ji. Muka yini muna mayar da durowoyi, na nuna mata yadda ake ninke mayafi a cikin farin ƙyalle don kada zik ya ja zaren, ta dafa mana miyar kuka, na ci har da ƙari, na kuma gaya mata daddawa ta yi kaɗan. Ta ɗauko biro ta rubuta.

Ta tafi. Ranar Asabar hoto ya shigo wayata, ba ta hannun ɗana ba, kai tsaye daga ita: ƙawarta a bakin teku da farin mayafin a kafaɗa. A ƙasa ta rubuta cewa ma'aikaciyar shige da fice ta buɗe fasfon, ta tsaya a shafin Nijeriya, ta miƙo hannu tana neman kati. Na kai wa maƙwabciyata ta Moss Side hoton, ta daɗe tana kallon tekun ba amaryar ba.

Bayan ta dawo suka zo mana yini a Longsight. Ta kawo mini gyaɗar ƙamshi da wani yaji mai zafin tsiya. Da aka gama cin abinci maza suka koma kan ƙwallo, sai ta biyo ni ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallon saman kabad. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro katin, ta haɗa da jan fasfonta, ta miƙo mini da hannu biyu. Da Hausa ta yi maganar, a hankali, kamar wadda ta yi ta maimaitawa a mota.

"Mama, ajiye mini."

Na ce ta sauko da jakar da kanta, tunda ta fi ni tsawo. Na sa nata a cikin roba tare da namu. Yanzu duk lokacin da za ta je ganin iyayenta sai ta biyo ta Manchester ta karɓa. Ɗana ya ce wannan wahala ce ta banza, awa biyu a mota saboda fasfo. Ba wadda ta kula shi a cikinmu.