Gwangwanin da ya kusa cinye ƙafar jikata

Assalamu alaikum. Wata uku kun ji ni shiru. Yau jikata Ruƙayya ta taka ƙasa da ƙafarta, shi ya sa bakina ya buɗe.

Ni direban tankar ruwa ne, ina kai wa Baduwai, Larabawan jeji, ruwa a bayan Jidda. Wata Juma'a na tafi da Ruƙayya ta ga raƙuma. Ta wuni tana wasa da yaransu. Na ga maruru a ƙafafun biyu daga ciki, ban ɗauke shi komai ba.

Bayan kwana huɗu ya fito mata a gwiwa.

Sai da na yi furfura na koyi karatu, a ajin manya na bayan la'asar. Tun daga nan ni ke karanta wa maƙwabta a unguwarmu Bab Makka kwalin magani. Dakta suke ce mini, ina jin daɗi. Ina da gwangwani cike da ragowar kafso. Yaro ya yi zazzaɓi, in ba shi biyu, ya warware, halas, shi ke nan, in ajiye sauran.

Haka na yi wa Ruƙayya. Uwarta, 'yata Hafsa, ta ce, "Baba, mu je mustashfa," wato asibiti. Na ce, "Kin fi ni karatu ne?"

Kwana biyar na riƙe yarinyar a gida. Gwiwa ta kumbura, har ta daina gane mu.

A asibiti aka ɗebi mugunya aka kai gwaji. Likitar ta ce ƙwayar cuta ce da ba ta jin maganin da aka saba, kuma tana yawo tsakanin yara. Ta tambayi abin da muka ba ta. Na miƙa gwangwanin.

Ta juye shi a tebur. "Ya ammi, kawu, rabin magani ba ya kashe ƙwayar cuta. Darasi yake koya mata."

Ashe ni ma makaranta na buɗe.

Sau biyu aka tsaga gwiwar. Kwana goma sha shida ana ba ta magani ta jijiya. An ce idan ciwon ya shiga ƙashi, ƙafar sai addu'a. Hafsa ta zauna gefen gadon 'yarta, ta juya mini baya. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Alhamdulillahi, bai shiga ba. Ɗazu ta ja rigata tana ɗingishi, tana kirana kaka da Larabci: "Jaddu, yalla, mu je wajen raƙuma!" Na yi dariya har da hawaye.

Allah Ya saka wa likitocin da duk wanda ya yi addu'a. Na koma wajen uban yaran Baduwan can masu maruru, ya kai su asibiti.

Ku ji daga bakin wanda ya gani. Maruru da zazzaɓi, a tafi asibiti ran nan. Kada a matse. Kowane yaro da tawul ɗinsa. Maganin da likita ya rubuta, a shanye.

Gwangwanin yana shara. Kada wanda ya ƙara ce mini Dakta.