Ƙafar da Mati ya aminta da ita

Maigidana, Mati anka sa mishi, amma ni ban taɓa kiran sunan ba sai yanzu da ba ya nan, Allah shi jiƙan shi. Makanike ne a Buza. Ya koyi aikin a Madawa tun yana saurayi, ya dawo gida ya kafa rumfar kara a ƙofar gidanmu, yana gyaran motocin da duwatsun Adar sunka wahalar. Gajere ne, kunnensa na hagu ya yi nauyi don ƙarar guduma. Ba shi da faɗa, sai in an taɓa zancen lokid.

Lokid shi ne ruwan da ake zuba wa birki da ambiriyaj, wancan abin takawa da direba ke dannawa kafin shi sauya bites, wato giyar mota. 'Yan kasuwa na kawo shi daga Ƙonni cikin kwalaben lemu, wani na kirki, wani gauraye. Mati bai taɓa yarda da bakin mai saidawa ba. Sai shi leƙo cikin gida shi ce, "Uwar Husaina, ara min kofi da ruwa." Shi ɗiga lokid ɗin ciki. In ya narke ya bi ruwan, na kirki ne. In ya taso sama ya yi ido kamar mai a miya, shi mayar wa mai shi. Kofunan shayina da yawa sun tahi a haka.

Damanar da ta biyo bayan yunwar tamanin da huɗu, yayarsa Kaltume tana Karofane, ba miji, ga marayu. Yunwa ta sa sun ci irin da ta ɓoye. Mati ya samo mata buhun iri, ya ba Isufu direba, mai Fijo bashe, irin mai buɗaɗɗen bayan nan ta ɗaukar kaya, wanda zai kai wa wasu gidajen nasu irin. Ran nan anka yi ruwan shuka. Wanda bai zuba iri ba ƙasa na da laima, ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranar shi.

Da hantsi sai ga motar Isufu ana turo ta.

"Ambiriyaj ya mutu, usta. Ina takawa, kamar na taka kunu."

Mati ya buɗe ɗan gwangwanin da ake zuba lokid, ya sa yatsa ya shinshina.

"Isufu, mi ka zuba nan?"

"Lokid ya ƙare mini wajen Tamaske. Na ɗan tsiyaya man inji. Mai dai ai mai ne."

"Mai mai ne? In matarka ta yi maka miya da kalanzir, ka ce haka!"

"Wallahi wani lokaci ban iya bambantawa," in ji Isufu.

Mati bai yi dariya ba. Man ya kumbura robobin da ke ciki har sun yi kamar ƙosai. Ya kwance, ya wanke, ya sa wasu robobin da ya taɓa cirowa daga wata matacciyar mota, ya gwada sabon lokid a kofina. Saura fitar da iskar da ta shiga bututu, aikin da mutum guda bai iya yi. Dole wani shi kwanta ƙarƙashi yana buɗe 'yar ƙusar bututun yana rufewa, wani shi tsare gwangwanin kar shi bushe, wani kuma shi taka shi riƙe. Waɗanda sunka turo motar sun watse gonakinsu, garin duka yana daji. Isufu ya gwada haɗa zubi da taku, yana tsalle nan da can, sai shi ɗaga ƙafa ƙusar na buɗe, iska ta koma.

Ina madafa da ludayi a hannu na ji muryar Mati a zaure.

"Uwar Husaina, zo ki ara min ƙafarki."

Ban taɓa zama gaban mota ba. Na cire takalmana a ƙasa kamar zan shiga ɗakin surukai, Isufu ya juya baya yana tari. Ƙafata ba ta kai ba, sai da anka cusa mini tabarma naɗe a baya.

"Ki taka, ki taka, ki riƙe ƙasa," in ji Mati. "In kin riƙe ki gaya min. Kar ki saki sai na ce."

Na taka, na riƙe, na ce na riƙe. Bai ji ba. Ni kuwa ban iya ɗaga murya ga maigida gaban baƙo.

"Ta riƙe?" ya tambayi Isufu.

"Ta ce wani abu, usta, amma ina jin da Allah take magana."

Na duba, ludayin da na fito da shi yana hannuna. Na ƙwanƙwasa shi a ƙarfen ƙasan motar, daidai kan Mati.

"Yawwa!" ya ce daga ƙasa. "Wanga na ji."

Haka munka yi ta yi. Abin takawar ya nutse ƙarƙashin tafin ƙafata, ina salati a zuci, ina tuna 'ya'yan Kaltume. Ya ce saki, in saki. Sannu sannu na ji abin ya fara ture ƙafata, kamar tuwo in ya fara kama muciya. Mati ya fito, lokid har gemu, ya ce kumfar ta ƙare.

Isufu ya tada mota, bites ya shiga ba ƙara. Ya leƙo ya ce, "Inna, in usta ya kore ki, ina da aiki."

"Tahi, rana na cin ƙasa," in ji Mati.

Kaltume ta shuka ran nan da la'asar, laima ba ta gudu ba. Da kaka ta aiko mana dami, Mati ya hana a daka, ya ce a aje iri.

Daga nan duk motar da ta zo da ciwon ambiriyaj, ko da maza cike da rumfa, sai shi leƙo zaure shi kira ni. Direbobi na mishi ba'a, shi ce ƙafafunsu gaggawa gare su. Ya rataye ludayin a ƙusa cikin makullansa na gyaran mota, ban sake ganin shi a madafa ba.

Rumfar ta faɗi bayan rasuwarsa. Wurin da take, nan nake shuka geron Kaltume kowace damana.