Taurarin Rigar Yaya

Rigar ta shigo Damagaram ne cikin dilar bosho, ita da 'yan'uwanta. Wani abokin yayana mai sayar da tsofaffin tufafi ya kwance dila wata safiya, ya tarar da rigunan ƙwallo iri ɗaya, ruwan goro, waɗanda za su ishi ƙungiya guda, kowace da lambarta a baya. A ƙirji akwai tambari, a samansa 'yan fararen taurari, a ƙasa kuma wani rubutu mai zagaye-zagaye da sanduna. Mu kuwa a unguwarmu, duk rubutun da ba boko ba kuma ba ajami ba, na Shinuwa ne, mutanen can gabashin duniya. Aka gama magana, riguna na Shinuwa ne.

Kafin nan samarin unguwarmu da abin da suka samu suke buga ƙwallo, wani lokaci ma ɓangare guda kan tuɓe riga don a bambance. Ranar da suka fara fita da waɗannan riguna har tafiyarsu ta sake. Yayana shi ne kyaftin, mai tsaron baya, dogo mai ƙafafu kamar tabarya. Ni kuma a lokacin ina koyon ɗinki, ina ganin kaina gwana tun ban iya yanka wuyan riga ba.

Bayan kaka, in an gama girbi, sukan hau bayan mota su tafi karawa da samarin Droum, ko Hamdara, ko Dogo, a filin da aka sassabe karan gero. Da suka ci wasansu na farko a Droum, yaya ya dawo da yamma ya jefa mini rigar a cinya, gumi bai ko bushe ba.

"Auta, ɗinka mini tauraro."

"Na me?"

"Ba ki ga nasu ba? Soja in ya yi abin kirki tauraro ake ƙara masa. Mutanen nan duk wasan da suka ci sai su liƙa ɗaya. Kin ga ma ba su ci da yawa ba, bayin Allah. Mu ma yau mun ci."

Na ce zan ɗinka, amma nasa kaɗai, don ni ba baiwar ƙungiya ba ce. Haka al'adar ta kafu. Duk wasan da aka ci, tauraro ɗaya a rigar kyaftin, da farin zare. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada allurata ta kusanci tambarin. "Nan wurin masu riga ne," in ji shi, "a bar musu." Na fara daga kafaɗa, na gangara hannu, na zagaya baya. Cikin 'yan shekaru rigar ta cika dam, har iyarmu takan ce ya sa sararin sama ya fita.

Sai rayuwa ta yi abin da ta saba. Wannan ya yi aure, wancan ya tafi Agadez, wani ya yi tumbi. Rigunan suka koma na barci, daga nan suka koma tsumman goge babur. Ta yaya ce kawai ta tsira, a ninke a ƙasan akwati. Shi ya buɗe rumfar kayan fata, ni na buɗe shagon ɗinki, muka yi 'ya'ya, furfura ta fara leƙo mana.

Ciwon suga ne ya kama shi, ya daɗe yana cinsa a hankali, daga baya ya hau idanu. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce ganin yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne, sai dai a rage masa gudu. Na yi kuka a hanyar gida, shi kuwa yana ta yi mini tsiya wai na fi shi buƙatar likitan ido. Sai bayan kwanaki, ina zaune a ɗakinsa, ya sa matarsa ta ciro rigar. Ya shimfiɗa ta a gwiwa yana shafawa.

"Auta, mun sa rigar mutane shekara da shekaru, ko sunansu ba mu sani ba. Ina so in ga yadda suke wasa, tun ina iya gani."

Abin da ya roƙa ke nan, bai roƙi wani abu ba. Ni kuwa ban san ta inda ake fara neman masu riga a duniya ba.

Maƙwabciyata Kirista ce, ma'aikaciyar jinya, tare muka taso. Da na ba ta labari ta ce akwai wata baƙuwa da ta zo aiki asibitinsu, tana kuma zuwa majami'arsu, mai irin idon Shinuwa, bari a nuna mata. Ranar Lahadi da la'asar sai ga su tare a gidan yaya. Baƙuwar 'yar ƙaramar mace ce, tana jin Faransanci kaɗan-kaɗan. Ta karɓi rigar da hannu biyu, ta dubi tambarin, ta dubi taurarina, sai ta toshe baki tana dariya har da hawaye.

Ashe ba ta Shinuwa ba ce, ta Koriya ce, ƙasar baƙuwar. Ta san ƙungiyar sarai, mahaifinta ma yana cikin masu sonta. Ta zauna a tabarma ta ba mu tarihi, maƙwabciyata tana cike mata inda harshe ya gaza. Ta ce wata masana'anta ce ta kafa ƙungiyar, a wani gari na bakin teku, don ma'aikata su samu abin kallo ranar hutu. Da farko filinsu ba wani fili ba ne, mutane kan zo da kayan aiki a jikinsu. A hankali suka zama zakarun ƙasarsu, suka sake zama, suka fita har suka ɗauko kofin nahiyarsu. Suka kuma shiga shekarun da ba kofi ba labari, tsofaffin 'yan wasa suka tafi, amma mutanen garin ba su daina zuwa ba.

Ina saurare ina ganin garin a raina, ni da ban taɓa ganin teku ba. Ina ganin mutane na fitowa daga wata babbar ƙofa da yamma, hannuwa a aljihu saboda sanyi, suna gangarawa wajen fitilu, ruwa na motsi a bayansu.

"To taurarin fa?" in ji yaya.

Ta ce tauraro ɗaya, shekara guda ce cur. Sai ƙungiya ta kara da kowa a ƙasar, gida da waje, ta ƙare a sama, sannan take ƙara ɗaya. Wasu kan tsufa ba su ga an ƙara ba.

Yaya ya sunkuya yana duban taurarin rigarsa. Ni na kasa riƙe dariya. Na ce, "Ka ji ko, kyaftin? Kai da kake tausaya musu. Ka ci Hamdara a gonar gero ka liƙa tauraro." Ya ce ai Hamdara ma ba kanwar lasa ba ce, in je in tambaya. Muka yi ta dariya, har baƙuwar da ba ta ji me aka ce ba.

Kafin ta tafi ta nuna wa ɗiyata yadda ake samun wasanninsu a salula. A nan muka gano cewa ranarsu tana riga tamu fitowa da nisa, wasan da suke yi da rana mu da sassafe yake zo mana. Don haka ranakun wasa, in an sallame asuba, nakan ɗauki mayafi in bi lungu zuwa gidan yaya. Matarsa ta dama kunu, mu jingina salula a jikin kwano, shi ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Iyarmu, da ta tsufa sosai, takan ce wace irin al'umma ce wannan mai buga ƙwallo kafin a share tsakar gida.

Waɗannan safiyoyin su ne mafi daɗi da na sani, kuma ina jin tsoronsu. Filin kore shar, ruwa na sauka a kansa wani lokaci, mutane na waƙa da ganguna cikin harshen da ba mu ji, a nan kuwa zakara na cara, maƙwabta na daka. Rigarsu ta sake fasali amma launin yana nan. A farkon bazara yaya yana karanta lambar da ke bayan ɗan wasa, har yana zagin mai tsaron baya da ya bar wurinsa. Da damina ta sauka ya daina ambaton lamba. Da aka fara girbi ya daina ganin ƙwallon, sai ya tambaye ni tana ina. Ƙungiyar tana ta hawa, idonsa yana ta sauka, ni kuma kullum ina roƙon Allah ya kai shi ƙarshen shekarar wasan da sauran gani.

Wasan ƙarshe ya zo da sanyi. In sun ci, kofin nasu ne. Yaya ya sa rigar a kan jallabiya, ta matse shi a ciki. Ana cikin wasa sai wani farin abu ya fara sauka a filin, a hankali, kamar audugar rimi. Na ce masa ƙanƙara ce ke zuba. Ya ce in faɗa masa yadda take. Na faɗa iyakar iyawata, ni ma ban taɓa ganinta ba sai a nan.

"Me kake gani, yaya?"

"Ruwan goro," ya ce. "Yana tafiya nan, yana dawowa can. Namu ne ai."

Suka ci. Ban ma ga wanda ya jefa ba, ihun mutanen ne ya cika ɗakin. Aka busa tashi, manyan maza suka zube a kan ƙanƙara suna kuka. Yaya bai yi ihu ba. Ya tuɓe rigar a hankali ya miƙo mini.

"Ɗinka."

"A ina? Ka cinye wurin duka da Droum da Dogo."

Ya karɓe ta, ya bi ta da yatsa, yana tsallake taurarina ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙirji. Ya tsaya a gefen tambarin, daidai inda ya hana ni taɓawa tun muna yara.

"Nan. Ai na ce miki a bar musu."

Ban koma shago ɗauko keken ɗinki ba, da hannu na yi, a nan bakin ƙofarsa inda rana ta fara shigowa. Na zare farin zare, sai na dube shi yana kallon inda ba ni ba, na ninka zaren sau biyu, na sake ninkawa, don tauraron ya yi tudu. Da na gama na kama yatsansa na ɗora a kai.