Yashin da Baba Yake Zubawa

Tsakiyar damina ce, shekarar da citta ta ruɓe mana a ƙasa. Yau ka ga ganye kore shar, bayan kwana uku ya yi rawaya ya kwanta, in ka tona sai wari. Daga Kwoi har Fadan Kagoma ba wata magana sai wannan. Mutane suna tafiya kamar sun manta abin da ya fito da su. Ni ma haka nake. Sai in shiga ɗaki in tsaya, in rasa me na zo ɗauka.

Baba yana wurina a Kafanchan a lokacin, shekara ta biyu ke nan da rasuwar Mama. Ya haura tamanin. Tsohon fayaman ne, wato mai zuba wa jirgin ƙasa kwal a wuta, tun zamanin da jirgi ke tafiya da tururi. Ni ban tarar da wannan ba. Abin da na sani shi ne tabon ƙuna a hannuwansa, da yadda yake ɗaga murya ko da kana kusa da shi.

Wata rana ruwa ya ɗauke da hantsi, na fito na ga layi biyu na yashi a tsakar gida. Sun tashi daga ƙofar Baba, suka yi kwana a gindin gwaiba, suka nufi bayan gida. Tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, kamar an gwada da igiya. Ina tsaye ina kallo sai maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Babba ce a zumuntar mata ta coci, ba ta wasa da irin wannan.

"Jinin Yesu! Wa ya yi miki wannan aiki? Kar ki tsallaka!"

Na ce, "Mama, ai na riga na tsallaka sau biyu."

Ta kama hannuna ta yi addu'a mai tsawo, ta share yashin da kanta, ta kai shi bakin kwata. Ta ce shi ya sa citta ta ƙi. Ban ce mata cittar kowa ta ƙi ba, har da tata.

Da aka sake yin ruwa sai na laɓe a kicin. Baba ne. Ya ɗebo yashi daga ragowar wanda muka yi gini da shi, ya soya shi a kaskon da nake suyar gyaɗa har ya bushe, ya cika gwangwani biyu. Ya sunkuya yana tafiya a hankali, hannun dama na zuba layi ɗaya, na hagu na zuba ɗayan.

"Baba, me kake yi?"

"Yashi nake ba shi."

"Wa?"

"Ba ki ji yana karcewa ba? Ƙafa na juyawa, ba ya gaba. Layin dogo ya jiƙe."

Na zaunar da shi a kan benci, na ce ya gaya mini wane ne wannan mai cin yashi. Sai fuskarsa ta washe, rabon da in gan ta haka tun Mama na da rai. Ya ce kan jirgi ne na jan kaya, babba, irin wanda ba a ƙara yi ba. Ya faɗi sunansa, sunan wani Bature ne, bai zauna mini a kai ba. Ya ce kai ɗaya ne amma inji biyu. Ɗaya a gaba yana ɗauke da tankin ruwa, ɗaya a baya yana ɗauke da kwal. Tukunyar tururi kuma tana tsakiya a rataye, babu ƙafa a ƙarƙashinta.

"To me ke riƙe da ita?"

"Su biyun."

"Ba ta faɗuwa?"

"Ina za ta faɗi? In ya zo kwana sai ya lanƙwashe wuri biyu."

"Ƙarfe ne yake lanƙwashewa, Baba? To ina ne gabansa?"

"Duk inda kika nufa, nan ne gaba."

Na ɗauko littafina na ajin yaƙi da jahilci, wanda har yanzu akwai sauran shafi, na rubuta abin da ya faɗa. Na gwada zanawa. Abin da ya fito ya yi kama da kunkuru biyu sun juya wa juna baya suna ɗauke da ganga. Na nuna masa, ya ce na sa bututun hayaƙi inda ba nan ba, ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba.

Maƙwabciyata ce ta buga wa Yaya waya. Shi ne babba a gidanmu, yana aiki a garin Kasuwan Magani, kuma tun muna yara ban taɓa ce masa a'a ba. Ya kira ni ran Talata. Ya ce akwai wani gidan addu'a a bayan gari inda ake ajiye tsofaffin da kansu ya juye, a yi musu azumi wata guda. Na taɓa jin labarin wurin. An ce ƙofa daga waje ake rufe ta.

Na ce, "Yaya, ba ya dukan kowa. Jirgi kawai yake tunawa."

"Jirgi mai gaba biyu? Mai lanƙwashewa kamar maciji? Ke, ni ma ɗan reluwe ne, a kwatas aka haife ni, ban taɓa ganin wannan ba. Zan zo Jumma'a da mota, Asabar mu wuce da shi."

Sai na sa a raina cewa in dai jirgin gaskiya ne, to kan Baba ƙalau yake, ba inda za a kai shi. In ƙarya ne, Yaya ya fi ni gani. Haka na raba abin gida biyu, don in samu in yi barci.

Ran Alhamis na je tasha. Ciyawa ta rufe rabin dogo, awaki na kiwo a tsakanin tsofaffin taragu. Bayan loko, inda a da ake gyaran kawunan jirgi, akwai mangwaro da tsofaffin ma'aikata ke zama suna dara. Su uku na tarar. Na durƙusa na gaishe su, na buɗe littafina a kunyace.

Mai farar hula, wanda aka ce mini tsohon direba ne, ya kalli zanen ya yi dariya har da tari.

"'Yata, wa ya zana wannan? Kunkuru ne?"

"Ni ce, Baba. Akwai irinsa?"

"Akwai shi mana! Tashi, kama bencin nan."

Ya tayar da abokinsa, wani dogo mai sanda, ya ce ya kama ɗaya gefen. Ya ɗora jarkar ruwansu a tsakiya. Ya ce ni ce injin gaba, dogon shi ne na baya, benci da jarka su ne tukunya. Ya ce mu zagaya mangwaro.

Muka fara. Na juya jikina na bi gindin itacen, dogon ma ya juya nasa a bayana, benci kuwa yana nan miƙe sambal, bai lanƙwashe ba, ya yanko ta ciki. A hannuna da hannunsa ne kawai abin yake juyawa.

"Kin gani? Ba ƙarfen ke lanƙwashewa ba. Gaɓa ce aka yi masa, nan da nan. Yanzu ku koma da baya, kar ku juya."

Muka koma, dogon ya zama gaba.

Na ukunsu ya ce, "Injin bayan nan ya mutu, ku ji yadda yake huci."

Dogon ya ce, "Ba kwal. Tun safe koko kawai na zuba masa."

Direban ya ce dalili shi ne layin dogonmu siriri ne, gadojin ba su da ƙarfi, hanyar hawa dutse zuwa Jos kuma duk kwana ce. Ana son kai mai ƙarfin jan kaya da yawa, amma in an yi shi dogo guda ɗaya ba zai iya kwana ba, in an tara nauyinsa wuri ɗaya gada ba za ta ɗauka ba. Sai aka raba nauyin a kan ƙafafu masu yawa. Kuma da yake ba komai a ƙarƙashin tukunya, sai aka samu wurin yi mata murhu mai faɗi da zurfi. Ya ce wannan murhun ne ke cinye fayaman, shebur ba ya sauka daga hannunsa.

Na tambayi maganar yashi. Ya ce gaskiya ne. Akwai bututu da ke zuba shi a gaban ƙafa don kar ta zame, amma da damina yashin kan jiƙe ya toshe. Sai fayaman ya sauka da gwangwani, ya yi ta tafiya a gaban jirgi cikin ruwa yana zubawa a dogo biyun, jirgi na bin sa a baya kamar saniya.

Na ji kamar an sauke mini kaya. Sai na faɗi sunan Baba.

Direban ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na san shi. Amma a kan ƙananan injina na san shi. Manyan nan, muna samari aka ajiye su."

Dogon ya ce, "Ya hau! Ya girme ka, kai me ka sani?"

"Bai hau ba. Goge su dai ya yi a loko."

Suka kama musu, suka manta da ni. Na ajiye benci na yi musu sai an jima. A hanya ina ta juya abin. Jirgin gaskiya ne. Yashin gaskiya ne. Ko Baba ya hau, ko bai hau ba. To a wane gida cikin biyun nan zan sa shi?

Yaya ya iso Jumma'a da la'asar, shi da matarsa, ana yayyafi. Sabon yashi na kwance a tsakar gida. Bayan sun ci abinci na ce ya kama mini benci in nuna masa wani abu. Ya kama don kunya. Na ɗora tulu, na ce shi ne tukunya, a'a, shi ne injin baya, tulun ne kwal, a'a. Duk abin da ya zauna mini daram a gindin mangwaro ya watse. Tulun ya gangara, na tare shi da ƙirji.

Yaya ya ajiye bencin a hankali. "Yanzu ke ma kin fara ke nan."

"Akwai shi, Yaya. Tsofaffin loko sun ce akwai shi."

"To na yarda akwai shi. A tsakar gidanki yake?"

Baba kuma ya leƙo daga ɗaki, ya kalli ɗansa na fari, ya cire hula ya ce, "Sannu da zuwa, Oga. Daga hedkwata?" Yaya ya kau da kai. Ba mugunta ce ta kawo shi ba, na sani.

Matar Yaya ta tashi za ta bayan gida. Tsakar gidan nan da damina gansakuka ce, santsi kamar sabulu, ni kaina na sha faɗuwa. Ina kallonta ta ɗora ƙafa a kan layin yashi, ta bi shi tiryan-tiryan har kwanar gwaiba, ta dawo a kan ɗayan, ba ta ma san ta yi ba. Na buɗe baki in nuna wa Yaya, sai na rasa me hakan yake nufi. Hankali ne ko rashinsa? Na rufe bakina.

Kafin magariba matar Yaya ta haɗa kayan Baba kaf a jaka ɗaya, ta ajiye a bakin ƙofa. Baba ya daɗe yana kallon jakar.

"Canjin tasha aka yi mini?"

"Haka aka ce, Baba."

"Ina?"

"Ban san wurin ba sosai."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba. Ya ce in tambaya masa ko akwai hawa a hanyar.

Washegari tun da sassafe na ɗebo ruwa na cika baho biyu. Na buɗe jakar na juye komai a ciki: riguna, wanduna, bargo, rigar sanyi, kayan zuwa coci, har hula da takalmin yadi. Na shiga ɗaki na ce wa Baba ya ba ni ta jikinsa ma, na ɗaura masa zanena. Ina cikin cuɗawa Yaya ya fito da makullin mota a hannu.

"Mene ne haka?"

"Ba za a kai Baba cikin mutane da datti ba, Yaya."

Ya kalli bahon, ya ɗaga kai ya kalli sama. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Kagoro.

"Wannan ba zai bushe yau ba."

"Ko gobe ma da wuya," na ce, ban ɗago ba.

"Kin san Litinin ina da aiki."

"Na sani, Yaya."

Ya tsaya a kaina ya daɗe. Ban san ko daidai na yi ba, har yau ma ban sani ba. Na matse bargon, na ga bai fita yadda nake so ba, na mayar da shi cikin ruwa.