Man Ƙafar Moto da Kofin Shayin Baba

Moton, wato babur ɗin, na Baba ne. Da shi ya zagaye ƙauyukan Arewa yana malamin gona, har yanar ido ta rufe masa gani, ya jingine shi a zaure kaji suka riƙa kwana a kansa. Da na samu aikin koyarwa a wani lakwal bayan Matankari, sai ya miƙo min makulli.

Ina son hanyar nan da sassafe bayan damina. Dutsen garinmu yana baya, ja kamar an gasa shi, gero ya sunkuya dama da hagu, hankalina ya tafi inda ya ga dama. Sau da yawa nakan isa lakwal ban san yadda na iso ba. To a wannan kakar ne gaban moton ya fara dungure ni. Da na taka birki sai ya duƙa, ya ƙi tasowa da wuri. Sandunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda Baba ke kira ƙafafu, suka riƙa zubar da baƙin gumi.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce Asabar zan kai shi wurin dilan da ke sayar da irinsa a bakin kwalta, yana da makanikai, a yi a gama.

Baba yana kan tabarma ya ji.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa ya taɓa buɗe ƙahwar moton ga in ba ni ba?"

"Baba, ba ku gani."

Inna ta harare ni daga bakin murhu. Na riga na faɗa.

"Ke kina gani," ya ce. "Ɗauko turmi."

Tun da idanun suka tafi, ba abin da aka bar masa a gidan. Yayana ya karɓi gona, masallaci ma sai an riƙe masa sanda. Wannan kaɗai ya rage da ba wanda ya iya sai shi. Na sani sarai, amma ina ɗauko turmin ina ƙunƙuni.

Muka kife turmin, muka ɗora cikin moton a kai, tayar gaba ta rataya. Shi ke faɗa, ni ke yi. Na cire taya, na zare ƙafafun, na buɗe kawunansu, tsohon mai ya gangaro cikin gwangwani yana wari kamar rijiyar da aka daina ja. Baba ya sa yatsa ya murza, ya kai hanci. Sai ya fara kiran sunayen garuruwa, wai duk suna cikin man nan: yashin Dumega, fadamar da ya taɓa maƙalewa, wata kasuwa da ta mutu tun ban zo duniya ba. Inuwar bishiyar bedi tana yawo a kan fuskarsa. Na daina sauri ban sani ba.

Muka sa sabuwar robar da ke tare man. Da aka zo zuba sabon mai ya ce a kawo kofin shayinsa. Da shi yake awo tun yana saurayi, kofi biyu a kowace ƙafa. Inna ta miƙo, na cika, na zuba. Ya shafa kofin ya ce madalla.

Ranar Litinin na hau. Gaban ya zama taɓarya. Kowane rami sai ya bi ta hannuwana ya fito ta haƙora. Na isa aji ina murza kafaɗu, yara suna ta kallona.

Da na taso na wuce kai tsaye wurin dilan. Makanikensa ya danna kan moton, ya ƙi motsi.

"Madam, wa ya ɗura mishi mai haka? Tuya za a yi?"

"Ina ruwanka? Mi ya same shi?"

"Ya yi yawa. Kawo in rage, yanzun nan."

Har ya ɗauko ƙarfen kwancewa. Na tsaya ina kallon hannunsa. In ya taɓa, na huta, Baba kuma ba zai sani ba, sai dai daga ranar duk abin da ya faɗa a kan moton nan za mu riƙa cewa to, kamar yadda ake yi masa a kan gona. Na ce ya bari. Ya ce Allah ya ba haƙorana haƙuri.

A gida Inna ta ja ni ɗaki ta faɗa min. Kofin Baba ya daɗe da fashewa. Ta sayo wani a kasuwa, ya ɗan fi girma, ba ta faɗa masa ba.

"Kar ki hwaɗa mishi," ta ce.

Na fita na faɗa masa.

Ya miƙo hannu. Ya ce a ba shi kofin. Ya juya shi a tafin hannu, ya zagaya bakinsa da babban yatsa, ya sake zagayawa.

"Ashe shayi ma na daɗe ina shan na ƙarya," ya ce. Inna ta yi dariya tana share ido da mayafi. "To, Uwata, turmi."

Wannan karon ba awo. Nakan rage man kaɗan, in mayar da ƙafar, shi kuma ya dafa kan moton ya danna da duk nauyinsa, ya karkata kai yana sauraron yadda yake tasowa. A rage. A ƙara rage na hagu. Har la'asar ta yi sanyi.

"Ba a gane shi tsaye," ya ce. "Tada. Ni za ki ɗauka."

Ya hau baya, ya dafa kafaɗata, ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka bi ta gaban masu shayi suna ta ɗaga hannu, muka bar kwalta muka shiga jar hanya. Gaban yana sauka yana tashi a hankali kamar ƙirjin mai barci. Iska ta cika masa riga. Na hango rami na fara kaucewa.

"Ina za ki?" ya ce a kunnena. "Bi ta cikinshi, in ji."